Digirin intanet a hannu: ta wace ƙofa ake shiga manyan jami'o'i daga Zariya?

Shagona na buga takardu yana Samaru, ba nisa da ƙofar jami'a, kuma shekara goma sha huɗu ke nan ina cin abinci da rubutun ɗalibai: furojek, kundin bincike, fom ɗin neman gurbi, wasiƙar da aka rubuta aka goge aka sake rubutawa. Ban taɓa zama cikin kwamitin ɗaukar ɗalibai ba, amma ina ganin abin da ake tura musu, ina kuma ganin amsar da ke dawowa. Shi ya sa da ɗan yayata ya shigo bayan isha'i da takardar digirinsa na tattalin arziki a cikin leda, na san tambayar tun bai zauna ba.

"Kawu, wai da gaske ne manyan jami'o'i ba sa kallon wanda ya yi digiri ta intanet?"

Sau uku yaron nan yana rubuta JAMB gurbi bai fito ba. Da ya gaji sai ya kama aiki a wani shagon waya a PZ, ya shiga karatu daga nesa. A 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da abokansa a gida wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi yana ta karatunsa a bayan kanta tsakanin mai sayen caja da mai gyaran sikirin. Ya fita da 2:1, wato daraja ta biyu ta sama. Yanzu ransa ya kwaɗaitu da irin jami'o'in da mutum ɗari za su nema a ɗauki goma.

Na ce masa a cikin duk waɗanda na ga an mayar, da wuya ka sami wanda kalmar intanet ita kaɗai ta kayar. Abu biyu ke kayar da su. Ko dai takardar tana da rami a ƙarƙashinta, ko kuwa babu wani malami a duniya da ya san su sanin da zai iya tsaya musu. Hanyoyi uku da zan kwatanta a nan duk a kan wannan ma'auni na ɗora su: wacce ce ke toshe ramin da kai kake da shi.

Karatu daga nesa dai ya girmi kakanninmu. Jami'ar Landan ta fara ba da digiri ga waɗanda ba sa zaune a cikinta tun 1858, kuma ta nan Mandela ya yi karatun lauya yana kurkuku. A nan kusa, malaman firamare nawa ne suka ƙaro ilimi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ba tare da sun bar ajinsu ba? Obasanjo ma da tsufansa a NOUN, jami'ar ƙasa ta karatu daga nesa, ya yi digirin digirgir. Saboda haka mai jin kunyar takardarsa ya daina.

Mu fara da takardar, don in ita ta sami tangarɗa sauran zancen duk shan iska ne. Digirin intanet iri biyu ne a hannun mutanenmu. Akwai na gida: NOUN, wadda aka kafa a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin mulkin Obasanjo na farar hula, akwai cibiyar karatu daga nesa ta ABU, akwai sababbi masu zaman kansu irin su Miva da ta sami lasisi a 2023. Duk waɗannan hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ke kula da su. Sai dai ita hukumar kwas-kwas take tantancewa, don haka amincewa da jami'a bai wadatar ba, a duba shi kansa kwas ɗin da aka karanta. Akwai kuma na waje, irin na Jami'ar Landan, ko University of the People ta Amurka, wadda aka kafa a 2009, ta sami amincewar hukumar DEAC mai kula da karatun nesa a 2014, sannan a 2025 ta sami ta WSCUC, irin amincewar da manyan jami'o'in Amurka suka fi tambaya.

Ga abin da mutane ba sa lura da shi. Digirin gida da NUC ta amince da shi yana tafiya gida da waje: hukumomin da ke auna takardun ƙetare, irin su WES a Amurka da Kanada ko UK ENIC a Ingila, abin da suke fara dubawa shi ne ko ƙasar da ta ba da takardar ta yarda da makarantar. Na waje kuwa yana iya buɗe maka ƙofa a Landan ya ba ka wahala a Samaru, domin sai ya bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya an tantance shi, hukumar bautar ƙasa kuma takan nemi fasfo mai hatimin shiga da fita, abin da wanda ya yi karatu daga ɗakinsa a Tudun Jukun ba shi da shi. Lamarin ya ƙara tsanani tun Disamban 2023, da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, kuma tun daga nan duk takardar da ta fito daga waje da ido biyu ake kallonta.

Sai batun bautar ƙasa. Fom ɗin digiri na biyu a jami'o'in gwamnati yana neman ɗaya daga cikin uku: shaidar kammalawa, takardar yafewa ta wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama, ko takardar da ke nuna mutum ba ya cikin waɗanda ake kira, wadda ita ake ba akasarin masu karatun nesa da na wucin gadi. Wannan ta ukun ba ta zuwa da kanta, nema ake yi, kuma sai sunanka yana cikin rajistar JAMB. Na ga wanda ya ɓata shekara guda cur saboda ita. Haka tiranskirif, wato takardar da ke jera kowane darasi da makinsa: makaranta ce ke aika ta kai tsaye, ba a karɓa daga hannunka. Ta ɗan yayata wata huɗu ta yi a hanya, kullum a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai nemi gurbi a Nuwamba ya fara bin wannan tun damina ba ta sauka ba.

In takarda ta tsaya da ƙafarta, sai a zo kan mutum, kuma nan ne ciwon yake. Jami'o'in da ke tsananin zaɓe suna neman wasiƙar shaida biyu ko uku, kuma su ke aika wa malamin tambayoyi kai tsaye ta imel ɗinsa na makaranta. Na sha taya malamai buɗe irin wannan shafi a shagona. Tambayoyin ba su da yawa amma suna da kaifi: shekara nawa ka san shi, ta wace fuska, cikin ɗaliban da ka koyar yana cikin kashi 5 na sama ko kashi 10? Malamin da ya duba furojek ɗin ɗan yayata sau biyu suka taɓa haɗuwa ido da ido, sauran duk ta WhatsApp. Mutumin kirki ne, ya rubuta wasiƙar. Layi uku ce: ɗalibinmu ne, yana da ladabi, ina ba da shawarar a ɗauke shi. Ban ga laifinsa ba, abin da ya sani ke nan. Amma a kan tebur ɗaya za a ajiye ta da wasiƙa mai shafi biyu wadda wani farfesa ya ba da labarin yadda ɗalibarsa ta gano kuskure a lissafinsa.

Hanya ta farko ita ce nema kai tsaye a waje, da abin da ke hannu. Kafin a yanke mata hukunci sai an raba digiri na biyu gida biyu. Akwai na koyarwa, irin na shekara ɗaya da Ingila ta shahara da shi: darussa, jarrabawa, ɗan kundi a ƙarshe. Akwai na bincike, da digirin digirgir, inda ake ɗaukarka tamkar ma'aikaci a ƙarƙashin wani malami, sau da yawa da kuɗin bincikensa za a ciyar da kai. Na farkon maki yake dubawa, da aikin da ka yi, da bayanin da ka rubuta a kan kanka. Mai 2:1, wato 3.50 zuwa sama a ma'aunin 5, daga makarantar da aka amince da ita, yana da fatan gaske, kuma jami'o'in Ingila da dama suna karɓar kiredit na Ingilishi a WAEC a madadin IELTS, jarrabawar gwada iya Ingilishi. Na biyun kuwa shaida yake so cewa ka taɓa riƙe bincike da hannunka.

Wata maƙwabciyarmu a Hanwa, ma'aikaciyar jinya, ita ce misalin wanda wannan hanya ta dace da shi. Shekara goma sha ɗaya tana aiki, ta yi digirin jinya daga nesa tana tsakanin aikin dare da goyo. Da ta zo mu gyara bayaninta na neman karatun lafiyar al'umma, shafin farko duk godiya ce da yabon jami'ar. Na ce, "Anti, a cire wannan. Me kika gani da idonki?" Sai ta fara ba ni labarin matan da ake kawowa daga ƙauyukan Giwa da jijjiga a cikin a-kori-kura, da yadda ta riƙa rubuta nisan garin kowacce a bayan littafinta har ta cika shafi arba'in. Na ce to wannan shi ne shafin farko. Jami'o'i biyu suka ba ta gurbi. Mai aiki irin nata wasiƙar shugabarta a wurin aiki tana iya tsayawa a gurbin ɗaya daga cikin na malamai, kuma ita shugabar ta san ta ciki da bai.

Sai dai samun gurbi daban, samun kuɗin zuwa daban. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, kuɗin makarantar Ingila ya fi ƙarfin mai albashi, sai tallafi. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan komai, amma yana neman aikin shekara biyu, sa'a 2,800, kuma a sharuɗɗansa na baya-bayan nan aikin da aka yi bayan kammala digiri ake ƙirgawa. Tallafin DAAD na Jamus ga ma'aikatan ƙasashe masu tasowa shi ma shekara biyu yake nema bayan digirin farko. Wannan tarko ne da ya fi kama masu karatun nesa, don akasarinsu aiki suke yi tun kafin su fara. Maƙwabciyar nan tamu, shekarunta goma sha ɗaya na aiki sun yi mata amfani a cikin bayani, amma a wurin ƙirga sa'o'i daga ranar da ta gama digiri aka fara. Ga kuma dokar Janairun 2024 da ta hana masu digirin koyarwa tafiya Ingila da iyali. Tana da 'ya'ya uku, ƙaramin bai shiga firamare ba. Yanzu tana auna tallafin Commonwealth na karatu daga nesa, wanda zai bar ta a gidanta da aikinta.

Jamus tana da nata hali da ya dace da wasu. Yawancin jami'o'in gwamnati can ba sa karɓar kuɗin koyarwa, kuma ba ruwansu da daɗin baki: za su ɗauki tiranskirif su ƙirga darasin lissafi nawa ka yi, na ƙididdiga nawa, in ya cika ya cika. Amma biza tana neman a ajiye kuɗin zaman shekara a asusun da ake kullewa, wanda ya kai yuro 11,904 tun 2024. Masu hangen Saudiyya kuma su yi hattara, can ana rarrabe karatun intizami na zama a aji da na intisabi da ake yi daga gida, kuma jami'o'i da dama suna sharɗanta digirin farko ya zama na zama a aji. A karanta sharaɗin kafin a kashe ko sisi. Neman ma kansa kuɗi ne: fom ɗin jami'ar Amurka guda yakan ci dala 50 zuwa sama da 100, jarrabawar GRE ta neman shiga digiri na biyu sama da dala 200. Mai harbi a duhu zai iya ƙarar da kuɗin buhunan masara da dama bai sami ko amsar imel ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda matasa ke yi wa kallon raini, ni kuwa ita na fi ba mutane shawara: a fara yin digiri na biyu a gida, ido da ido, a mayar da shi tsani. Wanda ke zaune a Zariya yana da abin da mutanen wasu garuruwa ke hawa mota kwana guda su nema. ABU tana nan tun 1962. Ga Samaru, ga Kongo inda ake karatun lauya da sha'anin mulki, ga asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR, ga ta dabbobi NAPRI, ga laburaren Kashim Ibrahim. Kuɗin ɗan acaɓa ne tsakaninka da duk wannan.

Abin da za ka samu a nan wanda intanet ba ta ba ka ba, ba darasin ba ne. Darasin wataƙila ka riga ka san rabinsa. Malami za ka samu wanda zai shekara biyu yana jan jan biro a kan rubutunka. Za ka tsaya gaban sashe ka kare shawarar bincikenka, wani dattijo daga kujerar baya ya tambaye ka dalilin da ya sa ka zaɓi manoma 120 ba 200 ba, gumi ya karyo maka, ka koma ka gyara. Za ka fita da kundi wanda mai jarrabawa daga wata jami'a ya karanta ya sa hannu. Bayan wannan, duk kwamitin da ya buɗe fayil ɗinka digiri na ƙarshe zai fara gani, na zama a aji, da wasiƙu daga mutanen da suka ga fushinka da haƙurinka. Tambayar yadda ka yi digirin farko ta koma ƙasan shafi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a harkar bincike malamai su ne 'yan gari: su suka san wane farfesa a wace ƙasa ke neman ɗalibi bana.

Ƙofar nan kuma ta fi faɗi. Yawancin sassa suna karɓar 2:2, wato daga 2.40, in dai kiredit biyar na sakandare sun cika har da Ingilishi da lissafi. Abin mamaki, wannan tsohuwar takardar WAEC ta fi hana mutane shiga fiye da digirin intanet. Mai daraja ta uku, ko mai son sauya fanni, yana iya fara difloma ta gaba da digiri, PGD, ya gyara makinsa a can. Sassan da ake rububi sukan yi jarrabawar tantancewa ko intabiyu, kuma wannan alheri ne gare ka, domin a zauren jarrabawa babu wanda ya san inda kowa ya fito.

Ba zan ɓoye tsadarta ba. Ba kuɗi ne tsadar ba, lokaci ne. Abin da aka rubuta shekara ɗaya da rabi ko biyu yakan zama uku a jami'o'in gwamnati, in yajin aiki ya shigo ko malaminka ya tafi hutun bincike. Akwai kundin da na buga babinsa na ɗaya matar mai shi tana da ciki, na buga na biyar yaron yana zuwa Islamiyya. Mai aiki kuma sai ya nemi izinin maigidansa, don darasi ba ya jiran a tashi daga kasuwa. Za ka kuma haɗu da masu kallon takardarka a karkace. Wani ya taɓa ce wa ɗan yayata, a wata makaranta da ba zan kama suna ba, "Au, ku ne 'yan digirin waya?" Maganin wannan sakamakon zangon farko ne, ba gardama ba.

In za ka bi ta nan, malami za ka zaɓa kafin kwas. Ka buɗe Google Scholar, shafin da ke jera ayyukan binciken malamai, ka ga wa ke wallafa aiki a shekarun nan, a waɗanne mujallu, da su wa yake haɗa hannu a waje. Malami mai aikin haɗin gwiwa da wata jami'ar Turai ya fi maka amfani a kan mai babban suna da ya daina rubutu tun kana firamare. Sannan ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Ka guji mujallun nan na biya-a-buga da ke karɓar maƙala ranar Litinin su fitar ranar Juma'a. Waɗanda kake son burgewa sun san su sarai, kuma ganinsu a takardarka ragi ne.

Ga masu fannin ɗakin gwaje-gwaje, kimiyyar sinadarai, ƙananan halittu, aikin gona, ban ma ga wata hanya ba sai wannan. Babu farfesan da zai damƙa na'urar miliyoyi ga wanda bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai a bidiyo. Masu karatun lauya kuma su tuna shekarun da majalisar kula da ilimin lauyoyi ta yi tana ƙin karɓar waɗanda suka yi digirin daga nesa a makarantar horar da lauyoyi. Duk fannin da ke da hukumar ba da lasisi, a tambayi hukumar tukuna.

Hanya ta uku ta fi sauran ƙuruciya: a sake komawa intanet, amma wannan karon a wurin da sakamakon ke da nauyi. Jami'ar MIT ta Amurka tana da wani tsari a fannin ƙididdiga da tattalin arziki da tsara manufofi, wanda sashen su Esther Duflo da Abhijit Banerjee, masu kyautar Nobel ta 2019, ke gudanarwa. Darussa biyar ne, kowanne da jarrabawar da ake sa wa ido, kuɗin kuma gwargwadon samun mutum ake yanka shi. Wanda ya ci su da kyau yana iya neman zuwa can ya ƙarasa digiri na biyu, kuma ba a ma sharɗanta digirin farko ba. Kaɗan ake ɗauka, kada a ruɗi kai, amma ko ba a ɗauke ka ba kana da maki daga MIT da za ka liƙa a kowane fom. Masu kwamfuta suna da digiri na biyu na jami'ar Georgia Tech da ke Amurka ta intanet, wanda aka fara a 2014, duka kuɗinsa bai kai dala 10,000 ba. Shigarsa ba ta kai zamansa wuya ba, don sai ka ci darussan tushe biyu da maki mai kyau a shekarar farko.

Wannan hanya tana amsa tambaya ɗaya tak, amma tana amsa ta da ƙarfi: shin makin nan naka na gaske ne? Ga wanda lissafinsa ke da ƙwari, ta fi kowacce sauri da araha, kuma ba sai ya bar aikinsa ba. Rauninta shi ne ta bar ka inda ta same ka a batun mutum: ka ƙara takarda, har yanzu babu mai rubuta maka shafi biyu. Ga wuta, ga data. Jarrabawar da ake kallonka ta kyamara ba ta san Nefa ta ɗauke ba. Mai digirin lissafi ko kimiyya ya kuma leƙa AIMS, cibiyar lissafi ta Afirka da aka fara a Kef Tawun a 2003, mai rassa a Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda. Ita zama ake yi, ci da kwana da karatu duk a kansu, malamai na zuwa daga ƙasashe daban-daban suna yin mako uku-uku tare da ɗalibai. Wata goma a irin wannan wuri yana samar da masu shaida fiye da shekara huɗu a gaban sikirin.

To wa zai bi ina? Ma'aikaci mai 2:1 da labarin aiki na gaske, mai son digirin koyarwa, ya nemi waje kai tsaye, ya dai ƙirga sa'o'insa tun daga ranar da ya gama. Mai 2:2, da mai son digirin digirgir, da mai fannin gwaje-gwaje, su hau motar Samaru. Mai ƙarfin lissafi da aiki ya ɗaure, ya bi ta uku. Mai takardar waje da ba ta wuce tantancewar Abuja ba ya daina ɓata kuɗin fom a gida, ya fuskanci ta ɗaya ko ta uku. Wanda kuwa makarantarsa ba ta cikin jerin kowace hukuma, babu tsanin da zai ɗauke shi, gara ya ji yanzu.

Ɗan yayata bincike yake so, shekararsa 27, bai yi aure ba, lokaci yana gefensa. Na ce ya haɗa ta biyu da ɗan gutsuren ta uku. Ya sayi fom a gida, ya kuma yi rajistar darasi ɗaya na MIT don ya gwada ƙarfinsa, mako na uku ya zo yana cewa, "Kawu, ashe lissafin nan ban iya shi ba, haddacewa na yi." Ya nemo wata malama da ke bincike a kan bashin manoma. Zuwan farko tana taro. Na biyu ta ce ya dawo. Na uku ta dube shi ta saman tabarau, ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur cike da takardun tambayoyi da aka cike a ƙauyukan Soba, wasu da tabon manja, ta ce in da gaske yake ya shigar mata da su kwamfuta kafin Litinin, kuma duk inda amsar manomi ta saɓa wa hankali ya sa alama kada ya gyara.

Yanzu haka yana kan kwamfuta ta uku a shagona, wadda harafin "a" ɗinta ke maƙalewa. Ya kai takarda ta 86, ya sa alama a goma sha ɗaya. Kuɗin man janareto kuwa ya ce in rubuta a littafin bashi.